Wa ya taɓa koya wa tsohonsa waya? Ku zo mu ji yadda ta kaya

Ummu Sadiq: Assalamu alaikum. Mahaifiyata shekarunta 74, tana fama da hawan jini, likita ya ce a riƙa aunawa safe da yamma ana tura masa. Na saya mata na'urar awo da babbar waya. Wata uku ke nan wayar tana ƙarƙashin matashin kai. Duk sanda na zauna koya mata sai mun rabu baram-baram, ta ce ita kanta ya tsufa, in ƙyale ta. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda ya yi.

Abba Ƙarami: Wa alaikumus salam. Anti, in tambaye ki: in ta kasa, wa ke karɓar wayar? Ni nan na yi ta kuskure da kakata. Da ta danna ba daidai ba sai in ce "Kaka kawo", in yi fit-fit in miƙa mata. Rannan ta ce da ni, "Yau ma kai ka ƙara iyawa." Kunya ta kama ni. Daga nan na daina taɓa wayar, baki kawai nake sa mata. Abu ɗaya muke ɗauka a mako, muka fara da saƙon murya a WhatsApp tunda ba ya buƙatar rubutu. Na kuma ƙara mata girman haruffa. Wani abin da na gano daga baya: fatar yatsunta a bushe take, gilashin ba ya jin taɓawarta sosai. Ashe rabin "ban iya ba" ɗin nan laifin gilashi ne.

Malam Mai Ritaya: Shekaruna 69, kuma da hannuna nake wannan rubutun, don kada a ce jika ne. 'Yata, maganar "kaina ya tsufa" ba daga cikinta ta fito ba, ji ta yi ta yi har ta ɗauka gaskiya ce. Ni kaina na je asibiti da ɗana, ina zaune ƙiri-ƙiri likita ya dube shi ya ce, "Me ke damunsa?" Sai ka ce kujera aka kawo gyara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a watan Maris na 2021, ta ce cikin kowane mutum biyu a duniya, ɗaya yana yi wa tsofaffi kallon raini saboda shekaru. Cikin hanyoyi uku da ta ce suna rage abin har da haɗa yara da manya su yi hulɗa. Akwai kuma binciken Becca Levy ta Jami'ar Yale a 2002, wanda ya nuna masu kyakkyawan zato ga tsufansu sun ɗara sauran tsawon rai da kimanin shekara 7 da rabi. Ni dai yarjejeniya muka yi da jikata: ta koya mini waya minti ashirin, in koya mata lissafi minti ashirin. Da babu wannan ramuwar da ban jure ba, don babba ba ya son kullum shi ne mai karɓa.

Sista Mai Jinya: Baba ya gama magana. A wurin aiki abin da ya fi ba ni haushi shi ne iyalai su ce "ai tsufa ne" ga ciwon da yake da magani, musamman raunin ji da raunin gani. Wata ba taurin kai gare ta ba, ba ta jin bayanin ne. Batun awo kuma: ta zauna ta huta minti biyar, hannu daidai ƙirji, ba hira. In yana yawan kai 140 bisa 90 ko fiye, a sanar da likita. A sa mata ƙararrawar shan magani. Amma ku sa ido, na ga wanda ya ajiye maganinsa saboda wani bidiyo da aka turo masa.

Ɗan Autan Inna: Ni nawa labarin ba daɗi. Tun da Inna ta iya kiran bidiyo, yayyena suka ɗauke ƙafa, wai ai suna ganinta kullum. Waya ba ta lura cewa tafiyarta ta canja ko ta rame. Sannan wani ɗan damfara ya kira ta ya ce ta karanto masa lambobin da suka shigo wayarta, Allah ya sa ina kusa. Wannan darasin shi ya kamata ya zo kafin komai.

Ummu Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na janye jikina na tura 'yata mai shekara 11, tunda su ba sa faɗa. Yau da safe saƙon murya ya shigo daga mahaifiyata, minti huɗu cur. Ta ce 148 bisa 92, sauran kuma faɗa ne a kan na kwana biyu ban leƙo ba. Ɗan Autan Inna, gobe zan je.