Zan tafi Jamus karatun digiri na uku: yaya zaman yau da kullum yake, kuma in tafi da iyali ko in bar su?

Baban Khalil:

Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata jami'a a arewacin Najeriya, kuma Allah cikin ikonsa ya sa na sami tallafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai da malamai ta Jamus, domin yin digiri na uku a fannin kimiyyar ƙasar noma a garin Göttingen, inda ake sa ran zan fara a watan Oktoba. Karatun kansa bai dame ni sosai ba, domin mun riga mun daidaita da farfesan da zai duba aikina, kuma da Turanci zan rubuta kundina. Abin da nake neman haske a kai shi ne zaman yau da kullum, wato samun ɗaki, da abinci, da salla, da yadda kuɗin wata ke kai mutum ƙarshen wata.

Tambaya ta biyu ita ce ke hana ni barci. Ina da mata da yara biyu ƙanana. Iyayena suna ganin bai dace in bar su shekara uku ko huɗu ba, abokaina kuma suna cewa in na kwashe su tun farko zan jawo wa kaina wahalar da za ta taɓa karatun. Matambayi ba ya ɓata, saboda haka ina roƙon waɗanda suka riga ni zuwa su faɗa mini gaskiyar abin da suka gani.

Tsohon Ɗalibi:

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka. A Bonn na yi nawa karatun, kuma shawarata ta farko ita ce ka fara neman ɗaki yau, kada ka jira biza ta fito. Oktoba ne farkon zangon hunturu, lokacin da dubban sababbin ɗalibai ke shiga garuruwan jami'a tare, ɗakunan hukumar jin daɗin ɗalibai da suke kira Studierendenwerk kuwa, waɗanda su ne mafi araha, sukan sami layin jira mai tsawo. Dalilin da ya sa nake matsa maka shi ne a Jamus komai a kan adireshi yake rataye. Doka ta ba ka mako biyu bayan ka shiga gida ka je ofishin gari ka yi rajistar wurin zama, wato Anmeldung, riƙe da takardar shaida daga mai gidan. Sai ka yi wannan rajista lambar harajinka za ta zo, yawancin bankuna za su saurare ka, ofishin baƙi kuma ya duba batun takardar izinin zamanka. Ka liƙa sunanka a jikin akwatin wasiƙa tun ranar farko, domin da suna ake raba wasiƙu, kuma har yanzu a takarda hukumomi ke aiko da muhimman saƙonni.

Game da kuɗi, gwamnatin Jamus ta ƙiyasta cewa ɗalibi yana buƙatar Yuro 992 a wata, wato 11,904 a shekara, kuma tun watan Satumban 2024 adadin ke nan da ake nema a asusun bankin mai neman bizar karatu wanda ba shi da tallafi. Kai takardar DAAD za ta wadatar da kai, amma ka lura cewa lissafin mutum ɗaya ne. Watan farko ya fi kowane ciwo, domin mai gida zai iya karɓar kuɗin ajiya har na hayar wata uku, ko da yake doka ta ba ka damar biya a kashi uku. Akwai kuma kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata ga kowane gida, ko kana kallo ko ba ka kallo. Sufuri ne ke da sauƙi, saboda tikitin wata da aka fito da shi a watan Mayun 2023 yana shigar da kai bas da jiragen ƙasa na yanki a duk faɗin ƙasar, ban da masu gudu irin su ICE, ga shi kuma Göttingen garin kekuna ne.

A kan iyali, ni ina tare da abokanka: ka tafi kai kaɗai, ka zauna da gindinka tukuna. Ba za a ba su biza ba sai ka nuna gidan da zai ɗauke ku da kuɗin da zai riƙe ku, ɗakin ɗalibi guda kuwa ba zai shiga lissafi ba.

Maman Nana:

Malam, barka da arziki. Ni a Hamburg nake, kuma da mijina da 'yarmu muke zaune tun shekarata ta farko, saboda haka ina ganin abin ta wata fuska dabam da ta Tsohon Ɗalibi, duk da cewa abin da ya faɗa a kan gida da kuɗi gaskiya ne.

Bari in fara da abin da ban ji ana gaya wa masu zuwa ba. Sanyi kowa ya san da shi, riga mai kauri da na'urar ɗumama ɗaki suna maganinsa. Duhu ne ke karya mutum. A Kano tsawon yini ba ya nisa da awa goma sha biyu duk shekara, amma a nan, a ƙarshen Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas da rabi, kuma ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi, sau da yawa ma gajimare ya rufe ta yini guda. Göttingen ta ɗan fi mu kudu, amma bambancin kaɗan ne. Za ka iso a Oktoba, a Lahadin ƙarshe ta watan a mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan kullum yinin raguwa yake yi har kusan ƙarshen shekara. Mutumin da ya saba da gaisuwa a ƙofar gida da hira bayan Magariba, in ya sami kansa shi kaɗai a ɗaki cikin wannan duhu, ba ƙaramin abu ba ne. Ka je wurin likita ya duba sinadarin bitamin D a jininka, domin masu baƙar fata sun fi fuskantar ƙarancinsa a inda rana ba ta da ƙarfi.

Wannan sauyi yana taɓa salla kai tsaye. Da hunturu, Azahar da La'asar da Magariba duk sukan faɗo cikin ƙasa da awa huɗu, a tsakiyar lokacin aiki, saboda haka ka ajiye darduma a ofis, ka kuma sanar da abokan aikinka a fili tun farko. Da bazara kuma matsalar juyawa take yi: akwai makonnin da hasken shafaƙi ba ya gushewa sarai, jadawalin masallatai ya sha bamban a kan Isha'i da Asuba, sai ka zaɓi masallaci ɗaya ka bi lissafinsa. Ta fuskar azumi ka zo a sa'a. Waɗanda suka yi Ramadan na 2016 a nan, da ya faɗo a watan Yuni, sun riƙa kai awa goma sha takwas ko fiye, yanzu kuwa watan yana gangarowa cikin hunturu.

Naman halal yana shagunan Turkawa da Larabawa, manja da garin rogo da doya kuma a shagunan 'yan Afirka, sai dai da tsada. Shinkafar da suke kira Milchreis tana yin tuwo mai kyau. Ka zo da garin kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yaji, amma kada ka sa kilishi ko dambun nama ko man shanu a jaka, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje. Ranar Lahadi kuma kantuna a rufe suke, cefane na Asabar ne.

Batun iyali, ban ce ku hau jirgi ɗaya ba, amma ka fara takardunsu yanzu. A Legas ake neman bizar, kuma takardun aure da na haihuwa na Najeriya sukan bi ta tantancewa mai ɗaukar watanni. In ka ce sai ka zauna tukuna za ka fara, shekara na iya wucewa ba su iso ba. DAAD tana ƙara alawus na iyali in an cika sharuɗɗanta, ka tambaye su a rubuce. Yaro yana da haƙƙin gurbi a gidan raino daga shekara ɗaya, a jihar Niedersachsen da za ka zauna kuma ba a biyan kuɗin makarantar yara daga shekara uku tun 2018, sai na abinci. Wadda za ka fi tausaya wa ita ce uwargida, domin kai kana da ofis, ita kuwa in ba ta shiga ajin Jamusanci ba, bango huɗu ne abokan hirarta.

Abu Maryam:

Ɗan'uwa, na ga ka ce karatun bai dame ka ba, ni kuwa nan nake so ka sake dubawa. In ba a cikin tsararren shiri aka ɗauke ka ba, digiri na uku a Jamus ba shi da aji ko jarrabawar zango. Farfesa zai iya yin wata biyu bai neme ka ba, kuma wannan ba fushi ba ne, ɗauka yake kai abokin bincike ne da ya san aikinsa. Mu da muka taso da kunyar malami mukan yi shiru muna jiran kira, shi kuma yana fassara shirun da cewa komai lafiya. Kai za ka nemi ganawa, ka je da abin da ka rubuta, in kuma ba ka yarda da ra'ayinsa ba ka faɗa da hujja. Za su soki aikinka ba tare da sakaya zance ba, kada ka ɗauke shi cin fuska. Ka kuma sani cewa ko ka kare kundinka, ba ka da ikon amfani da laƙabin Dokta sai an wallafa shi.

Jamusanci kuwa kada ka raina shi don kundinka na Turanci ne. Kwantiragin haya da wasiƙun hukuma da Jamusanci suke zuwa, haka hirar shan shayi a wurin aiki, inda ake ƙulla zumunci. In tallafinka ya haɗa da kwas ɗin harshe kafin fara karatu, kada ka roƙi a ɗauke maka shi.

Baban Khalil:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta wa hukumar ɗakunan ɗalibai ɗazu, kuma mun yi shawara da maman yara cewa zan fara tafiya, amma a makon nan za mu shiga neman takardun aure da na haihuwa. Malama Maman Nana, babban yaron zai cika shekara shida a baɗi. Zai yiwu uwarsa ta riƙa koya masa a gida har ya ji harshen?

Maman Nana:

A'a, Malam, wannan ba zai yiwu ba. Zuwa makaranta wajibi ne a kan duk yaron da ke zaune a ƙasar da zarar ya kai shekarun shiga, kuma doka ba ta yarda karatun gida ya maye gurbinsa ba. Gwamma ya iso da wuri ya sami ko da 'yan watanni a makarantar yara kafin aji ɗaya, domin a wurin wasa suke tsintar harshen, da saurin da zai ba ka mamaki. Abin da zai koma hannunku a gida shi ne Hausa da karatun Alƙur'ani, saboda haka ku sa allonsa da littattafan Hausa na yara cikin kaya.