Mai ya zube ina riƙe da pistole na fanfon mai, wa ya kamata ya biya?

Ɗan Mokoyo:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni don abin ya tsaya min a rai tun jiya. Da sahe zan tahi Jiratawa na biya wani gidan mai bakin hanyar Dan Isa in sha esansi, pompis, wato yaron da ke zuba mai, ɗaya ne a wurin kuma yana can yana fama da wata babbar mota yana zuba mata gazuwal. Mun saba da yaron ƙwarai, kullum nan nike shan mai, sai ya ɗago hannu daga can ya ce yaya ɗauki pistole ka zuba da kanka ina zuwa. Ni ban taɓa riƙe abin ba amma kullum ina ganin yadda suke yi. Na sa baki cikin tankin babur na matsa, ashe ɗan ƙarhen nan da ke riƙe kunamar ya maƙale, tanki ya cika abin bai tsaya ba, na saki hannu mai na ta bulbulowa bisa inji bisa ƙahwata har ƙasa, ina ta kiran yaron kahin ya rugo ya kashe an yi ɓarna. Wando na har yanzu warin esansi yake duk da an wanke sau biyu.

Kontar ta nuna 3.400f. Ni na san babur ɗina, inda mai yake jiya ba ya cin fiye da jika biyu da rabi, kun ga kusan litir biyu ƙasa ta sha. Jeran, wato mai kula da gidan man, ya fito ya ce abin da kontar ta nuna shi za a biya, wai hannuna ke bisa pistole. Na biya don kar a tara min jama'a amma raina bai kwanta ba. Ba kuɗɗin ne ba wallahi, ina son in san gaskiya, ni ke da laihi ko su?

Tsohon Pompis:
Wa alaikumus salam yaya. Na yi shekara huɗu ina wanga aiki kahin in koma kasuwa, bari in gaya maka abin da jeran bai gaya maka ba. Pistole mai lahiya ba ya yin haka. Can bakin ƙarhen akwai wani ɗan rami ƙarami da iska ke shiga ta nan, da zarar mai ya taso ya rufe ramin sai abin ya yi ƙas ya kashe kanshi ko da ƙarhen riƙo na maƙale. In bai kashe ba ko dai ramin ya toshe da datti ko kayan cikin sun gaji, ko kuma ba ka tura bakin ciki sosai ba, don tankin babur ba shi da zurfi, mutane da yawa suna riƙe bakin sama sama don su riƙa leƙa mai, to a haka mai ba zai taɓa ramin ba sai ya riga ya malalo. Kuma fanfon nan ba wasa ba ne, yana iya turo wajen litir 40 a minti ɗaya, litir biyunka daƙiƙa uku ne kawai.

Amma ni abin da ya fi ba ni tausai yaron ne. Duk wanda ya kama aiki ana rubuta lambar kontar, in zai sauka a sake rubutawa a lissafa, abin da bai cika ba manko ne kuma daga albashinshi ake cirewa. Da ba ka biya ba, 900f ɗin nan ba aljihun mai gidan mai za ta taɓa ba, shi za a zabge ma ƙarshen wata. Shi ya sa kake ganin pompis yana rantsuwa yana kumfar baki kan ɗari biyu. Ya yi kuskure da ya ba ka pistole, mu an hana mu, amma mutum ɗaya a bar mishi fanfo huɗu me ake so ya yi.

Baƙon Lyon:
Ɗan'uwa sannu, Allah ya tsare gaba. Mu nan Faransa kusan ko'ina kai ke zuba ma kanka, da dare ma ba kowa a wurin sai na'ura, ka sa kart ka zuba ka tahi. Kuma abin da kontar ta nuna shi ake cire maka, ko ya shiga tanki ko ya zube, in sakacinka ne ba wanda zai saurare ka. Amma ka lura da wani abu, su da sunka ce kowa ya zuba da kanshi sun shirya ma hakan. Ɗan ƙarhen riƙon da ya cuce ka an cire shi daga pistole, dole hannunka na matse, ka saki ya tsaya. Akwai akwatin rairai kusa, akwai abin kashe wuta, akwai maɓallin da ake dannawa ya yanke fanfo gaba ɗaya, an manna bayani ko'ina. In kuma na'urar ce ta lalace to gidan mai ke ɗauka, suna da asirans, wato inshora, don irin haka. Ko Amurka da ake ganin su ne uwayen wanga tsari, jihar New Jersey tun 1949 doka ta hana direba ya zuba da kanshi. To naku gidan man ba a gina shi don haka ba, pistole na ma'aikaci anka miƙa ma wanda bai taɓa riƙewa ba, jeran ba zai zo ya yi maka hukuncin Turai da kayan da ba na Turai ba.

Almajirin Zaure:
Malam wanga mas'ala malamanmu na Malikiyya sun yi maganarta tun ba a san mota ba, cikin babin ciniki. Duk abin da ake saidawa da awo, hatsi ne ko man gyaɗa, yana cikin lamunin mai saidawa har sai an auna an juye cikin mazubin mai saye. Cikin Muhtasar na Shehu Halil har an ƙara da cewa muddin abin na cikin ma'auni lamunin na nan bisa mai saidawa ko da mai sayen ne ya karɓi awon da hannunshi, don awo aikin mai saidawa ne, kai taya shi ka yi. Misali ka je sayen gero mai hatsi ya ce ɗauki tiya ka auna da kanka, tiyar ta kuɓuce kahin ta kai buhunka, asarar tashi ce. A fahimtata man da bai shiga tankinka ba ba ka saye shi ba. Sai fa in ganganci ka yi ko wasa, wannan kuma wani babi ne na wanda ya ɓata dukiyar wani. Ka kai ma malamin unguwarku ya duba maka da kyau, Allah shi ne masani.

Maman Biyu:
Ku kuna ta lissahin 900f ni gabana ke faɗuwa. Mai bisa inji mai zahi! Ƙanena ka gode ma Allah ka yi sadaka. Ina fatan dai ba nan take ka taka babur ɗin ba, turawa ake yi a yi nisa a bari ya bushe, kuma rairai ake zubawa ba ruwa ba don ruwa yaɗa shi yake. Tururin esansi ƙasa ƙasa yake bi, mai shayi ko mai tsire na can gehe da garwashinshi ya isa. Mun ga abin da ya faru Yamai a watan Mayun 2019 kusa da filin jirgi da tankar mai ta kihe mutane sunka taru kwasa, fiye da mutum 50 sunka rasu daren nan. Mu nan har yanzu sai ka ga ana zuba ma kabu-kabu mai inji na aiki da fasinja zaune da goyo.

Ɗan Bagalam:
Hhh Hajiya ai mu da muka saba da mai na kwalba bakin titi ba mu san wanga rigima ba, in ya zube daga mazurari mai kwalba ke ƙaro maka ba gardama. Tun da Najeriya ta cire tallahi a 2023 man Jibiya ya daina araha kowa ya koma gidan mai, layi ya ƙaru ma'aikata ba su ƙaru ba, ga sakamakon nan. Ta hannun doka kuma, Code civil ɗinmu da anka gada daga Faransa, aya ta 1382 ta ce wanda laihinshi ya jawo ma wani ɓarna shi ke gyarawa, ta 1384 kuma ta ɗora ma maigida alhakin abin da yaronshi ya yi cikin aiki da na kayan da ke ƙarƙashin kulawarshi. Pistole nasu, yaro nasu, umarni nasu. Amma dai ba wanda zai je kotu kan litir biyu, kuɗɗin takarda ma sun fi haka.

Ɗan Mokoyo:
Na gode jama'a, Allah ya bar zumunci. Hajiya tura shi na yi har bakin kwalta, yaron ne ma ya ce kar in tada. Tsohon Pompis gaskiyarka, da na tuna bakin pistole ɗin sama sama na riƙe shi ina leƙawa, to ban san ko nawa laihin ne ko na ƙarhen ba. Yau bayan la'asar na koma na samu jeran na gaya mishi maganar Malam, ya yi dariya ya ce shi kontar ya sani ba tiya ba, amma ya ce in na zo shan mai gobe a ƙara min litir ɗaya. Na ce na yarda da sharaɗin ba daga albashin yaron ba, ya ce to. Da zan fito na lura an ɗaure pistole ɗin da baƙar leda an rataye, layin babura duk ya koma ɗaya fanfon.