Dan Allah wanda ya kalli Dark Shadows ya warware min wannan

Salam jama'a. Wata biyu kenan ina bin wannan tsohon shirin na Amurka da tashar ABC ta nuna daga 1966 zuwa 1971, kullum bayan isha'i sai na kalli kashi uku ko huɗu a waya har caji ya ƙare. Wani abokina ne ya ce in tsallake farkon in fara daga inda Willie Loomis ya kwance sarƙar akwatin gawa Barnabas Collins, mai shan jinin nan da mutuwa ba ta ɗauke shi ba, ya fito, haka na yi, yanzu kuma abin ya cakuɗe min.

Victoria Winters ta zo gidan Collinwood tana neman sanin su waye iyayenta, a gidan marayu ta tashi, ita kuma Elizabeth, uwar gidan, shekara 18 ba ta fita daga gidan ba tana zaton ta kashe mijinta, kuma yadda take kallon yarinyar nan wallahi zuciyata ta ba ni ita ce ta haife ta. Ina jiran a fasa ƙwai kawai sai aka yi zaman kiran ruhohi Victoria ta faɗa shekarar 1795, ga mayya Angelique, ga 'yan wasan nan dai sun canza sunaye, har sai da na ɗauko biro ina rubuta waye wane a bayan littafi.

To ana bayyana iyayenta ne a sassan da na tsallake, ko sai can gaba? Kashi 1,225 ne fa, data tana ciwo. In koma farko ko in ci gaba?