Zabura kafin usur a gasar makarantu: kora ko jan kunne?

Mai Usur, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum malamai. Gasar gida-gida ta matso a makarantunmu na Katsina, kuma gardamar ba ta canzawa. Yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ya zabura kafin a busa a tseren mita 100: a fitar da shi nan take, ko a ja masa kunne a sake? Haka ma taka layi da faɗuwar sanda a tseren da yara huɗu ke miƙa wa juna sanda.

Tsohon Alƙalin Fili:
Wa alaikumus salam Malam. A dokar World Athletics, hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, tun 2010 zabura ɗaya kora ce. Ita ta fitar da Usain Bolt a wasan ƙarshe na mita 100 a gasar duniya ta Daegu, Koriya ta Kudu, 2011. Amma dokar nan da kayan aikinta take tafiya: matokarin ƙafa mai na'ura, wanda ke kama duk wanda ya motsa ƙasa da daƙiƙa 0.100 bayan ƙarar bindiga. Mu kuwa katako biyu ake tafawa, ko usur, ga 'yan kallo da nasu usur ɗin a bakin fili. Da ido kaɗai ba ka da tabbacin wa ya fara.

A ɗauko dokar 2003 zuwa 2009: zabura ta farko ta hau kan kowa, ta biyu duk wanda ya yi ya fita. A rubuta, a karanta wa malaman gidaje kwana biyu kafin ranar. Shi ma mai tayarwa ya duba kansa. In ya tsare yara sun ɗaga ƙugu har hannunsu ya fara rawa, shi ya jawo zaburar.

Malamar Motsa Jiki:
Allah ya gafarta Malam, na yarda ga ƙanana, ban yarda ga 'yan babbar sakandare ba. Su ne za su je filin wasa na Muhammadu Dikko, can kuwa ba a yi wa kowa uzuri. Gara ya sha korar a gida.

Batun sanda kuma, yawanci mu ne da laifi. Wurin miƙawa a 4x100 mita 30 ne tun 2018, a 4x400 mita 20. Inda sandar take ake dubawa, ba ƙafar yaro ba. In ta faɗi ba kora ba ce: wanda ya yar shi zai ɗauka, ya koma inda ta bar hannunsa, kada ya tare wani. Ba a shata wurin ba, ba a ajiye alƙali da tuta a kowane ɗaya ba, to da wace hujja za a kori yara huɗu?

Baba Na Daura:
'Yata ta faɗi gaskiya. Faɗin hanyar kowane mai gudu mita 1.22 ne, amma da toka aka shata layinta da safe, kafin azahar iskar hunturu ta kwashe rabi. A sake shatawa kafin wasannin ƙarshe. A miƙaƙƙen wuri, yaro ya taka layi bai tare kowa ba, ba a korarsa, don bai rage tafiya ba. A kan kwana ne ake sa ido, a layin hagu, kuma ko can tun 2021 taɓa layin sau ɗaya ba ya fitar da mutum.

Wanda ya tsaya ya tayar da abokinsa da ya faɗi bai karya doka ba. Abin da aka hana shi ne ya ja shi gaba. Ƙorafi kuma cikin minti 30 bayan sanar da sakamako, a teburin alƙalai, ba a tsakiyar fili ba.

Inda ban san sassauci ba shi ne ƙaton da aka saka cikin ƙanana, ko ɗan hayar da ba ɗalibi ba. A zo da rajistar aji a tantance su tun kafin a raba lamba.