Waɗanda suka taɓa zama da tsofaffin hotunan Yahudawan Turai na kafin Yaƙin Duniya na Biyu, me kuka gani?

Ɗalibar Lublin:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin tarihi a nan Lublin, gabashin ƙasar Polan. A wannan zangon malamarmu ta ba mu aiki: kowa ya zaɓi hoto ɗaya na Yahudawan garin kafin 1939, ya rubuta shafi goma a kansa, kuma kada ya ambaci abin da ya same su daga baya sai a shafin ƙarshe. Wannan sharaɗin shi ya hana ni barci.

Kafin yaƙi, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Lublin Yahudawa ne, mutum wajen 43,000. Tsohuwar unguwarsu tana gindin tudun da fadar garin take, babban titinta ana ce masa Szeroka. Yau babu titin, babu unguwar. Jamusawa sun kwashe mutanen a 1942, akasarinsu zuwa sansanin kisa na Bełżec, suka rushe gidajen, daga baya a 1954 aka shimfiɗa babban fili a wurin. Na fi shekara ina ratsa filin nan ban san a kan ɗakunan mutane nake tafiya ba.

A 2010, ana gyaran wani gida mai lamba 4 a dandalin tsohon gari, ma'aikata suka tarar da faifan gilashi fiye da 2,700 a saman rufi, irin waɗanda ake ɗaukar hoto a kansu a da. Wata cibiyar adana tarihin garin, Brama Grodzka, ta tsabtace su ta sa a intanet. An ɗauke su tsakanin 1914 da 1939, kuma bincike ya kai ga wani mai hoto, Abram Zylberberg, da ya zauna a gidan. Mafi yawan fuskokin har yau ba su da suna. Na zaɓi hoton wasu 'yan mata da ke zaune a bayan kekunan ɗinki. Sati biyu ina kallonsu, da na ɗauki biro sai Bełżec ya tsaya mini a gaba. Duk wanda ya taɓa zama da irin waɗannan hotuna, don Allah ya faɗa mini ta ina ya fara da abin da ya gani.

Maman Ikram, Maryland:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban karanta tarihi ba, amma na san abin da kike nufi. Na raka 'yan ajin ɗiyata gidan tarihin kisan kiyashin Yahudawa da ke Washinton. A ciki akwai wani dogon ɗaki kamar rijiya, hawa uku, bangonsa duka hotuna ne wajen 1,000 na gari ɗaya tak, Eishyshok, wanda yanzu yake Lituwaniya. An ɗauke su daga 1890 zuwa 1941. Wata farfesa 'yar garin, Yaffa Eliach, ta fi shekara 15 tana bin dangin da suka yi ƙaura tun kafin yaƙi, gida gida, ƙasa ƙasa, tana roƙon hotunan da aka taɓa aika musu. Kakanninta su ne masu hoton garin. A ranakun 25 da 26 ga Satumba 1941 aka harbe Yahudawa wajen 3,500 a can, na garin da na ƙauyukan kewaye.

Abin da ya kama ni shi ne babu gawa ko ɗaya a bangon. Amare ne, 'yan makaranta, samari da kekuna, tsofaffi masu gemu, jarirai a cinya. Ɗiyata ta nuna wata yarinya ta ce, Mama, wannan ba ta son rigar da aka sa mata. Na duba, wallahi haka ne, ta ɓata rai, ta riƙe bakin rigar. Ni da na shiga da sanin ƙarshen labarin ban ga wannan ba, yarinyar da ba ta gama sani ba ita ta gani. Don haka shawarata, ki nemo wanda bai san komai game da hoton ba, ki tambaye shi me ya gani.

Da na tura hotunan gida, wani ɗan uwa ya ce me ya haɗa ni da su, ga halin da Falasɗinawa suke ciki. Na ce masa wannan yana ci mini rai kamar yadda yake ci masa. Amma yaran bangon nan a 1941 aka harbe su, kuma ni ba zan iya kallon jaririya a hannun kakarta in ga wani abu ban da jaririya ba.

Alhaji Mai Hoto, Damagaram:
Ɗiyata, Allah ya ba da sa'a. Ɗana ne ya buɗe mini hotunan gilashin nan naku a kwamfuta, na kwana biyu a kansu. Ban san Yahudawa ba, amma na san sana'ar, shekara 34 na yi ina ɗauka ina wankewa.

Abu na farko, hoton shago ba ranar aiki yake nunawa ba, ranar kwalliya yake nunawa. Mutum yakan zo wurinmu da Sallah, ko zai yi aure, ko zai aika wa wanda ke nesa don a san yana lafiya. Mu kanmu muna ajiye kwat da agogo da tabarau na aro. To kada ki ga kwat ki ce mai kuɗi ne. Dubi hannun rigar, in ya wuce wuyan hannu ko bai kai ba, ba tasa ba ce. Dubi takalmi, don mutum yakan ari riga amma da wuya ya ari takalmi. Dubi yatsu. Hannun mai wanki daban, na tela daban, na wanda alƙalami kawai ya sani daban.

Na biyu, labulen baya da kujera. In kin ga labule ɗaya ko kujera ɗaya a hotuna goma, to wuri ɗaya ne, kuma in kika bi yadda suke tsufa za ki jera hotunan, ki san wanne ya riga wanne. A naku na ga da yawa ba a shago aka ɗauka ba, mai hoton ne ya ɗauki kayansa ya je gidajen mutane da wuraren aikinsu, ana rataya bargo ko zane a baya. Waɗannan sun fi daraja a wurinki. Shi da zai wanke a takarda zai yanke gefe, amma gilashin bai yanke komai ba. A gefen nan ne za ki ga bokiti, ko bangon da ya tsage, ko yaron maƙwabta yana leƙe.

Rashin murmushi kuma kada ki ɗauke shi baƙin ciki. Na'urar zamanin da sai an tsaya cak, wanda ya motsa fuskarsa ta ɓaci, faifai kuma kuɗi ne. Mu ma tsawa muke yi wa yara su tsaya. Ki dubi gefen hoton 'yan matan naki da kyau, ki gaya mini abin da ke ƙasa kusa da ƙafafunsu.

Abu Hanan, Hambug:
Alhaji ya gama magana a kan sana'a, ni kuskurena zan ba da. A shekarata ta farko a jami'a a nan Jamus na gabatar da aiki a kan rayuwar Yahudawan Warso kafin yaƙi. Na sa hoton wani dattijo yana sayar da littattafai a titi. Malamin ya ce in ƙara girman hannun daman mutumin. Sai ga farin ƙyalle mai tauraro ɗaure a damtsensa. Wannan ƙyallen daga 1 ga Disamba 1939 aka tilasta shi a yankin, ke nan hoton na zamanin mamaya ne, kuma da yawa irinsa sojojin Jamus ne suka ɗauka, wasu ma don farfaganda. Na ji kunya ƙwarai, domin na nuna mutum yadda maƙiyinsa ya so a gan shi, na ce rayuwarsa ke nan. Tun ranar ba na taɓa hoto sai na san wa ya ɗauka, wa ya biya shi, kuma ta yaya hoton ya tsira.

Ko masu kyakkyawar niyya sai an yi musu wannan tambayar. Hotunan da duniya ta fi sani na Roman Vishniac ne, da ya zagaya gabashin Turai tsakanin 1935 da 1938. Wata ƙungiyar agaji ta Yahudawan Amurka, JDC, ita ta tura shi don a tara kuɗin taimako, saboda haka talakawa da masu tsananin riƙon addini aka fi fitarwa: masu ga-ruwa, 'yan dako, yara a gaban malaminsu suna karatu kamar makarantar allo. Duk gaskiya ne, akwai su. Amma da wata mai bincike, Maya Benton, ta bi dubban faifansa sai ta tarar ya ɗauki mata cikin kayan zamani da shaguna cike da kaya, ba a buga su ba ne kawai, kuma wasu bayanan da aka rubuta a ƙarƙashin hotunan ba su dace da abin da faifan ya nuna ba. Mutum wajen miliyan 3 da dubu 300 ne Yahudawan Polan a lokacin, kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasar. A cikinsu akwai likitoci, 'yan ƙwadago na jam'iyyar Bund, 'yan ƙwallo, masu buga jarida da Yidish (harshen Yahudawan gabashin Turai) da Ibrananci da harshen Polan, da waɗanda ko majami'a ba sa zuwa. Ga kuma Asabar, ranar da ta fi kowace girma a gidajen masu ibada, kusan babu hotonta daga ciki, domin ba sa ɗaukar hoto a ranar.

Game da sharaɗin malamarku, ƙanwata, ina ganin ba cewa ta yi ki ɓoye wahala ba. Wahalar tana cikin shekarun 1930 ɗin kansu. Na taɓa ganin littafin shaidar wani ɗalibin jami'a, ga hotonsa, ga hatimin da ke nuna bencin da aka ware masa, domin daga 1937 jami'o'in Polan sun samu izinin ware wa Yahudawa wurin zama a aji. Wannan ya san shi, yana cikin rayuwarsa, ki rubuta. Bełżec ne bai sani ba.

Ɗan Agadas a Girka:
Ni a Tasalonika nake aiki, wadda ake kira Salonika, kuma a gidan tarihin Yahudawan garin na ga nawa. Waɗannan ba Yidish suke yi ba, Ladino suke yi, harshen da kakanninsu suka taho da shi da aka kore su daga Sifen a 1492. Suna da yawa a cikin 'yan dakon tashar jiragen ruwa har a da tashar takan tsaya ranar Asabar. Hotuna da yawa katin gaisuwa ne da aka riƙa sayar wa sojojin ƙawance a Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikinsu har da sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kawo. Ana tsayar da tsohuwa cikin kayan gargajiya a rubuta "Bayahudiyar Salonika", babu suna. Raina ya sosu, domin irin katin da Turawa suka yi da iyayenmu ke nan. Gobarar Agusta 1917 ta cinye tsakiyar garin, saboda haka wasu titunan a katin nan kaɗai suka rage. Yahudawan garin mutum wajen 50,000 ne, Jamusawa suka fara kwashe su a Maris 1943, fiye da kashi 90 cikin 100 ba su dawo ba. Jami'ar garin a kan maƙabartarsu take.

Ummu Yasir, Krakow:
Kaɗan zan ƙara. A sansanin kisa na Birkenau (Auschwitz), a ginin da ake kira Sauna, an kafe hotunan iyali daga cikin wajen 2,400 da aka tsinta bayan 'yantar da sansanin, yawancinsu na mutanen garuruwan Będzin da Sosnowiec na Polan. Waɗannan ba aika su aka yi ba, masu su ne suka zaɓe su suka sa a jaka lokacin da aka ce su ɗauki abin da za su iya ɗauka. Na daɗe a gaban hoton wasu yara a ranar hutu ina tunanin uwar da ta tsaya a ɗaki tana zaɓa, wanne za ta ɗauka, wanne za ta bari. Yaya, in kika samu hoton takarda ki juya bayansa, sau da yawa a can ake samun kwanan wata, hatimin shago da sunan wanda aka rubuta wa.

Ɗalibar Lublin:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Anti Maman Ikram, na bi shawararki, na nuna wa abokiyar zamana hoton ban ce mata komai ba. Ta ce ta biyu daga hagu ita ce babbarsu, don ita kaɗai ta ɗora hannu a kafaɗar wata, kuma ita kaɗai ke da awo rataye a wuya. Sati biyu ban lura da awon nan ba.

Baba Alhaji, na ƙara girman gefen. A ƙasa akwai tarin ƙyallaye da aka share aka tura bayan ƙafar keke, ba a kwashe ba. Ke nan wurin aikinsu ne na gaske, shara kawai suka yi da sauri kafin mai hoto ya shirya. Rigunan uku daga cikinsu wuyansu iri ɗaya ne, ina zaton su suka ɗinka wa kansu. Gobe zan je cibiyar in nemi sauran faifan da aka ɗauka a ɗakin, in kuma bi titin Lubartowska, wanda gidajensa da yawa suna nan, da hotunan da Stefan Kiełsznia ya ɗauka na shagunan unguwar a shekarun 1930, ko zan ga allon wani tela. Na rubuta shafi huɗu a daren jiya, duk a kan ɗinki.

Saura tambaya ɗaya, Baba. Ta ƙarshe daga dama fuskarta ta ɗan ɓaci, amma hannuwanta da rigarta sun fito tsaf. Kanta kaɗai ta juya ke nan? In haka ne, daga yadda ɓacin ya ja, za a iya gane wajen da ta juya?