Waɗanda suka taɓa ganin B.B. King yana kaɗa jita

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Tun da B.B. King, shahararren mawaƙi kuma makaɗin jita ɗan Amurka, ya rasu a Las Vegas ranar 14 ga Mayu, 2015, nake neman waɗanda suka gan shi ido da ido, domin ni a faifai kawai na san shi. Ina roƙon duk wanda ya samu wannan dama ya ba mu labari.

Wani dattijo mazaunin Chicago: Wa alaikumus salam, ɗana. Na gan shi a shekarun 1980 ina ɗalibi, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ba ya haɗa waƙa da kiɗa a lokaci guda. Yakan rera baiti ya yi shiru, sai jitar ta karɓa kamar 'yar amshi, yana girgiza yatsa ɗaya a kan tsirkiya har sautin ya riƙa rawa kamar muryar mai kuka. A daren ne na ji dalilin da ya sa yake kiran jitarsa Lucille. A 1949, a garin Twist na jihar Arkansas, wasu maza biyu suka kaure da faɗa suka ture gangar kananzir da ake ɗumama zauren rawa da ita, wuta ta kama, shi kuma bayan ya tsira sai ya koma ciki ya ɗauko jitarsa. Da ya ji a kan wata mata mai wannan suna aka yi faɗan, sai ya raɗa wa jitar sunan don kada ya ƙara irin wannan ganganci.

Wata ma'aikaciyar jinya a Memphis: Baba, ni a tsufansa na riske shi, ya haura tamanin, yana zaune a kujera, ciwon sukari ya daɗe a jikinsa. Hira da jama'a ta kusa fin kiɗan yawa, amma ban ji haushi ba ko kaɗan, domin mutumin da ya yi wasa sau 342 a shekarar 1956 kaɗai ya cancanci ya zauna. Daga baya na je gidan tarihinsa a garin Indianola na jihar Mississippi, inda kabarinsa yake, na shiga tsohon ginin gurzar auduga da ya yi ƙwadago a ciki yana saurayi, kuma a nan ne hawaye ya zubo mini.

Wani makaɗin jita a Yamai: Hajiya, kin fi ni sa'a. Iyakata hoton bidiyon wasan da ya yi a Kinshasa a 1974, gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman. Na yi wata uku ina maimaita shi don in koyi wannan girgiza yatsa da Baba ya ambata, kafin in gane cewa daga wuyan hannu motsin yake fitowa, kuma har yau ina kan gyara.