Tambaya kan sorayen Gidan Korau: wai me ke riƙe da rufin nan?

Ɗan Ƙofar Sauri:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin gini ku fahimtar da ni, tsofaffin sorayen fada irin na Gidan Korau nan Katsina da na fadar Daura, ya aka yi rufin ƙasa mai faɗi haka ke tsaye ba rodi ba siminti? Kuma me ya sa cikinsu sanyi ko da bazara, lokacin da mu 'yan gidan bulo barci ke gagararmu?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam ƙanena. Aikin azara ne. Daga giginya ake tsago ta, gara ba ta cin ta, amma in ka shimfiɗa ta ta wuce kamar ƙafa 6 ba abin da ya tallabe ta to nauyin ƙasa zai lanƙwasa ta. Shi ya sa magina ke ɗaura baka, a dasa azara cikin bango, a ɗora wata bisa ta ta ɗan leƙo gaba, a ɗaure da igiya a lulluɓe da ƙasa, ana yi daga wannan bango ana yi daga wancan har su haɗe a sama, in bakunan suka gitta juna shi ne ɗaurin guga da kake gani in ka ɗaga kai. Sanyin kuwa kaurin bango ne. Tubali ake jerawa da faɗi daga ƙasa yana sirancewa in ya yi sama, kafin zafin rana ya ratsa shi dare ya yi.

Malamin Tarihi:
Allah ya saka Baba. Sunan gidan daga Sarki Muhammadu Korau ne, wanda ake ɗauka shi ne sarkin Katsina musulmi na farko, sai dai kar a zaci duk abin da ke ciki ginin zamaninshi ne, sarakuna sun yi ta gyara suna ƙari. Mai son ganin irin aikin ido da ido ya je hasumiyar Gobarau, kusan ƙafa 50 ce kuma ginin ƙasa ce, ko tsohuwar Kwalejin Katsina da aka gina 1921 zamanin Sarki Dikko, yanzu gidan tarihi ce.

'Yar Kusugu:
Ni wallahi abin da ke ci min rai a nan Daura shi ne yadda ake rushe zaurukan gado a kafa bulo da kwano, wanda bai rushe ba kuma sai ya shafe da siminti wai ya huta da yaɓe. Zanko ma yanzu na siminti ake ɗorawa don kwalliya kawai. Baba, shafen nan ba ya kare ginin ne?

Tsohon Magini:
Ina, 'yata, cutar shi yake. Siminti ba ya kama ƙasa, in ya tsage ruwa ya shiga ta baya ba hanyar fita, bango ya yi ta jiƙa ba a sani ba sai dai wata damina a ga ɓangare guda ya zube. Mu da makuba muke yaɓe, daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, tana tare ruwa kuma bango na bushewa. Kafin ruwan farko a hau sama a toshe tsagu a gyara indararo. Matsalar yaran da suka iya ɗaura baka sun yi ƙaranci, duk sun koma aikin bulo tunda can ne ake biya kullum.